Kafin a Ɗaga Guduma: Yadda Ake Rushe Tsohon Gida a Gyara Fili Don Sabon Gini a Garwa da Marwa

Ranar da muka tsayar da shawarar rushe tsohon gidan kakanmu a Garwa, a arewacin Kamaru, gwaggonmu ta fito da sandarta ta zagaya tsakar gida a hankali. Da ta kai gindin wani bango sai ta tsaya, ta buga ƙasa sau biyu, ta ce da ni: "Ɗan nan, nan rijiya ce. Tun ubanka bai yi kaciya ba aka cike ta." Wurin a daɓe yake sumul, kaji suna kiwo a kai, babu wata alama. Daga nan ta nuna mini tsofaffin masai guda biyu, ɗaya a bayan ɗakin da ake ajiye hatsi, ɗaya kuma a ƙarƙashin wani ɗaki da aka ƙara daga baya. Da na ɗauko zanen sabon ginin na gwada, sai na ga ginshiƙin kusurwar falo zai sauka ne daidai bakin rijiyar nan. Da a ce katafila ta riga gwaggo shiga gidan, da babu wanda zai iya nuna wurin, kuma da mun ɗora nauyin bene a kan rami.

Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata a kan rusau, abin da nake fara gaya masa ke nan: bangon da ido ke gani kwana kaɗan ne aikinsa, abin da ke ƙarƙashin ƙasa da wanda ke jingine da maƙwabci su ne suke cin mutum daga baya. Ga yadda nake bin aikin daki-daki.

Magada da takardu

Yawancin gidajen da ake rushewa a tsofaffin unguwanninmu gidajen gado ne. Kada a cire ko ƙusa ɗaya sai an raba gadon, ko kuwa duk masu haƙƙi sun yarda a rubuce, har da mata da waɗanda suke Duwala ko Yawunde ko Kano. A yi zaman a gaban mai unguwa ko jauro da liman, kowa ya sa hannu. Ɗakin da ke tsaye ana iya nuna shi a ce na wance ne. Da zarar ya zama ɓaraguzai, shari'ar ta rikice, zumunci kuma ya shiga wani hali.

Sai takardun hukuma. A Kamaru, tun dokar filaye ta 1974, takardar mallaka da ake kira titre foncier ita ce shaidar da ta fi ƙarfi, kuma cinikin fili mai irin wannan takarda sai ta hannun notaire, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki bisa doka, yake inganta. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu, 2004 kuwa ta tanadi izinin gini, ta kuma tanadi izinin rushewa daban, wato permis de démolir, duk daga ofishin magajin gari. Mutane da yawa sun san na ginin, ba su san na rushewar ba. Ka fara neman certificat d'urbanisme, domin ita ce za ta gaya maka ko an yarda a yi gini a wurin, ko hanya za ta ci wani ɓangare na filin. Abin baƙin ciki ne mutum ya rushe zauren da ya daɗe a tsaye, sannan a ce masa sabon ginin sai ya ja baya.

Ka kira ma'aunin fili na hukuma ya gano duwatsun iyaka tun katanga tana tsaye. Tsohuwar katangar ƙasa ba ta cika bin iyaka daidai ba, kowace damina ana yi mata yaɓe tana ƙara kauri, wani lokaci tana karkata. Idan dutsen iyaka ya nutse a tono shi, a kewaye shi da turaku masu fenti don kada mota ta taka shi.

Maƙwabci

Wannan mataki na fi so a ɓata masa lokaci. A unguwanni irin Hausare da Fulɓere a Garwa ko Kakatare a Marwa, gidaje a manne suke. Sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin gida biyu, azarar ɗakin maƙwabci tana kwance a kan bangon da kake kira naka. Ka shiga gidansa da sallama, kai da maginin da zai ja ragamar aikin, ku duba da idonku: mene ne ya hau kan bangon, ina indararonsa yake zuba, ina makewayinsa yake. Ka ɗauki hoton bangonsa da waya, duk wata tsaga da take nan tun da, a gabansa, ka tura masa hotunan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ba a shaida ba tun farko kanka za a ɗora ta.

Idan bangon na haɗaka ne, mafi sauƙi a bar shi tsaye, ka gina naka a gefensa. Idan kuwa dole ya sauka, a tokare rufin maƙwabci da itatuwa masu ƙarfi tukuna, a kuma kafa masa shingen kwano ko zana tun kafin a buɗe, saboda iyalinsa. Gidan da ke da mata ba a bar shi tsirara ko na wuni ɗaya. Ka gaya masa ranar da za a fara, ya kwashe shanya, ya rufe randuna, ya tsare yara.

Zana abin da ke binne

Ka ɗauki takarda ka zana gidan yadda yake, sannan ka nemi mafi tsufan wanda ya zauna a ciki ya zagaya da kai. Ka tambayi rijiyoyi, masai na da da na yanzu, ramin wanka, ramin da aka taɓa haƙar ƙasar gini aka cike da shara, da inda manyan itatuwa suka taɓa tsayawa. Ka tambaya kuma, cikin ladabi, ko an taɓa binne wani a gidan, don a wasu tsofaffin gidaje akwai haka. Idan akwai, magana ta koma hannun dattawa da malamai kafin a ci gaba.

Kowane rami ka auna nisansa daga abu biyu da ba za su gusa ba, kamar duwatsun iyaka biyu, ka rubuta. Turke kaɗai bai isa ba, don ranar rusau za a tumɓuke shi ko a binne shi. Da awo biyu a takarda kuwa, ko fili ya koma fayau za ka sake gano wurin da igiya. Kwafin wannan takarda ka ba wanda ya zana maka sabon gini.

Wuta da ruwa

A je ofishin kamfanin wutar lantarki, wanda tsofaffi har yau suke kira Sonel, a nemi su cire layi daga sanda su ɗauke mita ko su matsar da ita. Kashe wuta daga cikin gida bai wadatar ba, domin wayar da ta taso daga sanda zuwa mita tana nan da ranta. A bincika kuma ko akwai wayar da aka ja zuwa wani gida ta kan rufinka. Ruwan Camwater kuwa kada a yanke shi gaba ɗaya: a toshe bututun cikin gida, a bar famfo ɗaya kusa da ƙofa, za a buƙace shi don kwantar da ƙura da jiƙa ciko.

Lokaci da masu aiki

Bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin. Da damina bangon ƙasa ya sha ruwa, yana iya zubowa ba tare da gargaɗi ba, motar kwasa kuma ta kafe a lungu. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka in aiki ya kai lokacin a fara da asuba a tashi kafin azahar.

Gidan ƙasa ko na bulo mai hawa ɗaya a cikin lungu, hannu ya fi masa: guduma, diga, shebur, baro, tsani da ƙarfen ɓamɓara. Katafila tana da sauri, amma girgizarta tana tsaga bangon maƙwabta, tana murƙushe kayan da za a iya mora, kuma nauyinta na iya rufta tsohon masai. Bene ko gini mai rufin kankare kuwa sai injiniya ya duba ya faɗi abin da zai fara sauka.

Idan jinga za a yi, a fayyace komai kafin a fara: har da tone tsohon harsashi ko iya bango, wa zai biya kwasar ɓaraguzai, kwano da katako da rodi na wane ne. A nan ake yawan samun saɓani. Kada a biya duka sai fili ya fita tas. Kowane lebura ya samu takalmi mai kauri saboda ƙusa, safar hannu, hular kwano da takunkumi. Mutum ɗaya kuma a ware shi, aikinsa kawai kallon bango da korar yara.

Rushewa: daga sama zuwa ƙasa

Yadda aka gina gida, haka ake kwance shi, sai dai daga ƙarshe ake farawa. Da farko a fitar da kaya, a cire ƙofofi da tagogi da wayoyi. Sannan silin, sannan kwano falle-falle, ana zare ƙusa ana miƙo shi ƙasa, ba a jefowa. Sannan katakon rufi. Kafinta ya taka kan katako kawai, kuma ya gwada kowanne kafin ya ɗora nauyinsa, don gara takan cinye ciki ta bar fatar.

Idan soro ne, a fara kwashe ƙasar da ke kan rufin daga sama, kowa ya fita daga cikin ɗakin, sai nauyi ya ragu a zare azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya da ta tsira daga ruwa dukiya ce, a jera ta a inuwa a kan duwatsu.

Akwai wani irin rufi da silin mai launin toka, mai kama da siminti, da ake samu a wasu tsofaffin gine-gine, wanda ake haɗawa da asbesto. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. A jiƙa shi, a kwance shi ɗungurungum, kada a fasa, kada a yanka, kada a zuba shi a cikin ciko ko a ba yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Bango daga sama ake cin sa, layi-layi, mai aiki yana tsaye a kan dandamalin katako, ba a kan bangon da yake fasawa ba. Akwai wata dabara da leburori suke so don tana da sauri: su sare gindin bango da diga, sannan su tura shi ya kife. Ka hana wannan ko da za a yi fushi da kai. Bangon da aka sare wa gindi shi ke zaɓar lokacin faɗuwarsa da gefen da zai faɗa, kuma mai digar ne a ƙarƙashinsa. Ka duba lissafin: bangon ƙasa mai tsawon mita 10, tsayin mita 2.5 da kaurin santimita 40, ƙasar da ke cikinsa ta kai mita 10 na cikin awo, wato kubik mita 10, nauyin da ya haura tan 15. In dole sai an ja wani guntun bango da igiya, masu ja su tsaya nesa da ninki biyu na tsayinsa, a kuma tabbatar babu kowa a bayansa. Kada a tashi aiki a bar dogon bango shi kaɗai ba abin da ya riƙe shi, iskar dare ta isa ta kayar da shi. A rage masa tsayi ko a tokare shi kafin a tafi.

Ana fasawa ana yayyafa ruwa. Sannan a yi hattara da hannu wajen ɗaga tubali da tsofaffin itatuwa: kunama da kububuwa suna son irin wannan wuri, kuma kwarin Binuwai an san shi da kububuwa. A juya abu da shebur kafin a kai hannu. In tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba tsotsa.

Ɓaraguzai

A ware su kashi-kashi tun ana fasawa. Kwano, ƙofofi, katako da rodi gefe guda, don shingen fili da rumfar ajiyar siminti, saura kuma a sayar. Fasasshen bulo da kankare, in an farfasa su ƙanana, suna yin cikon tsakar gida da hanyar mota. Ƙasar tsohon bango ana sake kwaɓa ta a buga tubali, manoma kuma suna ɗauka su kai gona. Shara, leda, tsumma, toka da ruɓaɓɓen itace su fita daga filin baki ɗaya. Ka sani cewa gini in ya farfashe yana ƙara yawa da kamar sulusi zuwa rabi, saboda haka kada ka lissafa zuwan mota da girman bangon yana tsaye. Ka tambayi ofishin magajin gari inda aka yarda a zubar. Zubawa a cikin mayo, wato rafi, ko kwata yana toshe hanyar ruwa, kuma unguwar ce za ta sha da damina.

Ramuka, kututture da gara

Yanzu ka ɗauko takardar nan ta awo. Kowane rami a gano shi a buɗe bakinsa. Kada kowa ya shiga tsohon masai ko rijiyar da ta daɗe a rufe. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, mai shiga ceto ma ya bi shi. Kada kuma a zura fitila ko ashana a masai don gwaji, iskarsa tana kama wuta. A bar shi a buɗe ya sha iska, a kira masu yashe shi, a zuba farar ƙasa, sannan a cike shi da yashi ko jar ƙasa mai tsakuwa kaɗan-kaɗan, ana jiƙawa ana dannawa.

Ko an cike shi da kyau, ramin da aka cike ba ya zama ɗaya da ƙasar da ba a taɓa tonawa ba. Hanya biyu ce: ko a gyara zane ramin ya faɗo a tsakar gida, kamar yadda muka yi da rijiyar gidanmu, ko injiniya ya tsara gadar kankare mai rodi da za ta tsallake ramin ta zauna a kan ƙasa mai ƙarfi ta kowane gefe. Na taɓa shiga wani ɗaki da aka gina a kan masai da aka cike da shara: damina biyu kacal, kusurwar ta nutse, tsaga ta tashi daga daɓe har linta, ƙofa ta daina rufuwa, tayil ya ɗaga kamar an tura shi daga ƙasa.

Tsohon harsashi a tone shi duka. A kankare saman ƙasa kamar santimita 20 zuwa 30, inda saiwa da taki suke, a tara ta gefe don shuka. Itacen da ba ya cikin gini, musamman darbejiya mai inuwa, a bar shi, wanda ya san zafin Marwa ba zai so a sare inuwa a banza ba. Wanda ya zama dole a cire kuwa a bi shi har saiwa, don kututturen da aka binne abincin gara ne, in ya ruɓe kuma ya bar kogo. Suri a tone shi har ɗakin uwar. Maganin gara a bari sai an gama ciko, dab da zuba daɓe, kuma a nisanta shi da rijiya.

Ka san ƙasarka

A haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a kusurwoyin da gini zai zauna, zurfin mita ɗaya da rabi, a duba jikin ramin. In ƙasar mai zaftarewa ce a tokare bangon ramin kafin mutum ya sauka. A tudun Garwa sau da yawa ana tarar da yashi da dutse kusa. A filayen Diyamare da ke kewaye da Marwa da wajen Kusuri da Njamena kuwa akwai baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kai. Da rani tana darewa har hannu ya shiga, da damina ta kumbura ta rufe. Wannan kumburi da tsukewa shi ke ɗaga harsashi ya sauke shi kowace shekara har bango ya tsage. Ka jiƙa ɗan dunƙule ka murza a tafin hannu: in ya yi santsi, ya miƙe kamar igiya bai karye ba, laka ce mai yawa. A irin wannan wuri kada ka yarda da "haka muka saba yi". A kai ƙasar gwaji, akwai Labogenie ta gwamnati da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu, injiniya ya faɗi zurfi da irin harsashin. Bene kuwa, ko a wace ƙasa, sai da gwaji. Wannan laka ba a yin ciko da ita, kuma babban itacen da aka cire daga cikinta yakan sa wurin ya kumbura daga baya, don saiwar da ke shanye ruwan ta tafi.

Tsayin daɓe da ciko

Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa. A Garwa mutanen bakin Binuwai ba su manta 2012 ba, lokacin da kogi ya cika aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo. A Kusuri da Njamena, inda Logon da Shari suke haɗuwa, a tambayi 2022. Sau da yawa alamar tana nan a jikin tsofaffin katangu. Daɓen ɗaki ya zauna sama da wannan alama, ya kuma ɗara hanya da aƙalla santimita 30 zuwa 50, don hanya kullum ƙara tudu take yi duk lokacin da aka gyara ta. Ka buga alamar tsayin da fenti a jikin abin da ba zai motsa ba, daga nan a riƙa ɗaukar kowane awo da siririn tiyo mai haske cike da ruwa: ruwan bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa.

Ciko da jar ƙasa mai tsakuwa ko yashi mai tsabta ake yi, shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kada ta wuce santimita 15 zuwa 20. A yayyafa ruwa har in ka dunƙula ƙasar ta riƙe ba ta ɗiga ba, a daɓe da inji ko madaɓi mai nauyi har sawun takalmi ya daina fitowa, sannan a ƙara wata. Wanda ya juye mota guda ya baje ya daɓe sama kawai, ƙasan yana nan sako-sako. Ɗaki mai mita 4 da mita 4 da za a ɗaga santimita 40 yana cin mita 6.4 na cikin awo bayan an danne, don haka a sayo da ƙari kamar rubu'i. Harsashi kansa ya ratsa cikon ya zauna a kan ƙasar asali. Tsakar gida kuma a karkata ta kaɗan zuwa kwata, ruwa ya nufi hanya, kada ya nufi gindin gini ko gidan maƙwabci. Sabon masai a nisanta shi da rijiya, taka da ta maƙwabci, kamar mita 30 in fili ya ba da dama.

Turaku da igiya

A kewaye filin da tsohon kwano, a yi rumfar siminti a ɗora buhuna a kan katako don kada rima ta kama su. Sannan a fitar da layin gaba daga duwatsun iyaka bisa jan bayan da izinin gini ya faɗa. A kafa katakan awo kamar mita ɗaya daga inda za a haƙa, duk a tsayi ɗaya, a buga ƙusoshi a ɗaura igiya. Don kusurwa ta tsaya daidai, a auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, tsakaninsu ya ba da mita 5 cif. Daga ƙarshe a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, su zo daidai: ginin mita 9 da mita 12, kowanne zai ba da mita 15.

A gefen da haƙa zai bi gindin bangon maƙwabci, kada a buɗe ramin gaba ɗaya. A haƙa mita ɗaya, a tsallake biyu, a zuba kankare ya kama, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake. Kafin a zuba farar ƙasa a bi igiya, ka sake ɗauko takardar ramukan nan ka auna kowane ɗaya a kan layukan, ka tabbatar babu ginshiƙin da ya faɗa a bakinsa, sannan a kira masu diga.